Dakta Baikie da Tafiyarsa Zuwa Kano a 1862

Idan ana lissafin Turawan da suka fara nazarin Hausa a ƙarni na 19, sunayen da akan ambata su ne Schön da Barth da Robinson. Ba safai ake tunawa da Dakta William Balfour Baikie ba, alhali ya shekara bakwai a bakin Kwara yana cuɗanya da fatake Hausawa, ya kuma taka har birnin Kano. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a dubi rayuwar wannan bawan Allah, a auna abin da ya bar wa masu nazarin Hausa da kuma abin da aikinsa ya jawo wa ƙasar Hausa.

An haifi Baikie a 1825 a garin Kirkwall, cikin tsibiran Orkney da ke arewacin Sikotlan. Ya yi karatun likita a Jami'ar Edinbura, ya shiga rundunar sojan ruwan Ingila a 1848. A shekarar nan ce shi da wani abokinsa suka wallafa littafi kan dabbobi da tsuntsayen tsibiransu. Wato tun yana saurayi ɗabi'arsa ke nan: ya tattaro abu, ya ba shi suna, ya ajiye shi a layinsa.

A 1851 Barth ya ƙetare kogin Binuwai kusa da Yola, labarin ya isa Landan, sai aka ƙudura aika jirgi mai tafiya da tururi ya bi kogin daga teku. Attajirin nan Macgregor Laird ya sa aka ƙera jirgin, mai suna Pleiad, aka naɗa Baikie likita kuma mai nazarin tsirrai da dabbobi. Shugaban tafiyar, John Beecroft, ya rasu a tsibirin Fernando Po kafin a tashi, jagoranci ya faɗo wa Baikie a 1854, bai kai shekara talatin ba.

A wancan zamani Kwara kabari ce ga Bature. A tafiyar 1841, wadda Schön da Samuel Ajayi Crowther suke ciki, zazzaɓi ya kashe fiye da 40 daga cikin Turawa 145. Ba wanda ya san sauro ne ke kawo cutar, don sai a 1897 aka tabbatar da haka. Abin da Baikie ya yi shi ne bin shawarar likitocin sojan ruwa, ya tilasta wa kowane Bature shan kwinin kullum tun cuta ba ta kama shi ba. Jirgin ya yi kwana 118 a kogi, ya zarce inda jiragen Turawa suka taɓa kaiwa a Binuwai da kimanin mil 250, ya komo ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Tafiya ta biyu, a 1857, ba ta zo da sa'a ba. Jirginsu Dayspring ya daki dutse kusa da Jabba ya farfashe. Masanin tsirrai na ayarin, Charles Barter, ya rasu a 1859. Maimakon ya koma gida, Baikie ya zauna a mahaɗar Kwara da Binuwai, da iznin Etsu Masaba na Bidda, ya kafa zangon da ya bunƙasa ya zama Lakwaja. Shi ne likita, shi ne alƙali, shi ne malamin makaranta. A nan ɗabi'ar tattarawa ta juya daga ganye da tsuntsu zuwa kalma: ya rubuta kalmomin harsuna wajen 50, ya fitar da ɗan littafi kan Hausa da Fulatanci a 1861, ya kuma fassara Zabura da Hausa, wadda aka buga a 1881 bayan rasuwarsa.

A 1862 ya ajiye jirgi ya hau doki. Daga Bidda ya nufi Zariya, daga can Kano, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi ɗan Ibrahim Dabo, yana neman takardun Eduard Vogel, Bajamushen da aka kashe a Wadai a 1856. Wanda ya fito daga Zariya ya doshi Kano dole ya ratsa karkarar da ke kudu da birni, wadda Kura da Bunkure suke cikinta. Yau an san yankin da noman rani, tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 aka jawo ruwan kogin Kano cikin magudanai zuwa gonakin shinkafa da alkama da tumatir. A zamanin Baikie kuwa baba da marina ne arzikin Kura, turkuɗinta har Azbin ake kai shi. Wani abin lura shi ne, ruwan wannan karkara ba ya zuwa teku. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su zama kogin Haɗeja, su gangara Yobe, su nufi tafkin Cadi. Ke nan ma'aikacin jirgin ruwa ya iso ƙasar da jirginsa ba zai taɓa kai shi ba, sai dai hanyar fatake.

Amfanin tafiyar ga ɗalibin Hausa yana cikin bayanin da John Kirk ya tsamo daga takardun Baikie, aka buga a mujallar ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan a 1867. Ciki akwai jerin sunayen sarakunan ƙasashen Hausa, har da Kano da Katsina da Zazzau. Darajarsu tana ga lokacin da aka ɗauke su: shekara 46 kafin Palmer ya buga fassarar tarihin sarakunan Kano a 1908, lokacin da ba mai ba da labari da ke tsoron Razdan ko neman yardarsa. Sai dai jerin suna tsirara ne, kamar busasshen ganye a cikin takarda, kuma kunnen Bature ya karkatar da rubutun sunayen, saboda haka a gwada su da rubuce-rubucen malamanmu na Larabci da ajami kafin a dogara da su.

A shekarar nan ta 1862 ne kuma aka buga nahawun Hausa na Schön a Landan. Schön bai taɓa shiga ƙasar Hausa ba, yawancin Hausarsa daga bakin Dorugu ya same ta, yaron da Barth ya tafi da shi Turai. Amma shi ya sami tsawon rai da maɗaba'a kusa, har ya fitar da ƙamus a 1876. Baikie, wanda ya ji Hausa a bakin masu ita, zazzaɓi ya cim masa a Saliyo a ƙarshen 1864, yana hanyar gida, yana da shekara 39. An sa wa wani jinsin itatuwan Afirka suna Baikiaea don tunawa da shi, kuma ana danganta kalmar "Bekee", da Ibo ke kiran Bature da ita, ga sunansa.

Abin da ya fi yin tasiri cikin ayyukansa shi ne na kwinin. Da ya tabbata Bature zai iya zama a bakin Kwara ya rayu, sai kamfanonin ciniki suka biyo, bayansu soja. A Lakwajar da ya kafa ne Lugard ya ɗaga tutar Ingila ran 1 ga Janairu 1900. Bayan shekara uku rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta fasa Bebeji, ta ratso karkarar nan ta kudu, ta shiga Kano ran 3 ga Fabrairu 1903.