Hanyar mai a babbar mota: famfo da ramin numfashin tanki

Sau da yawa akan ga babbar mota ɗauke da albasar Galmi ko buhunan hatsi ta tsaya a bakin titi tsakanin Ƙonni da Dosso, ko kan hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, sai a ce famfo ya mutu. A aika kuɗi a sayo sabo, kaya na lalacewa a rana, alhali wani lokacin famfon lafiyarsa ƙalau, ɗan rami ne kawai ya toshe a murfin tanki. Shi ya sa muka tattaro muku wanga bayani.

Yadda mai ke tafiya

A motar gazuwal, mai na tashi daga tanki ta wani bututu mai ƴar raga a bakinsa. Ƙaramin famfo ne ke jawo shi. Ƙarfinsa kaɗan ne, aikinsa kai mai gaba kawai, kuma a tsofaffin Marsandi za ku ga ɗan famfon hannu manne da shi. Man na bi ta filta mai raba ruwa da kuma filta mai tace ƙura, sannan ya isa babban famfo. Shi ne ke matsa mai da ƙarfi zuwa anjektar, wato nozul, inda ake fesa shi cikin inji kamar hazo. Abin da injin bai sha ba yana komawa tanki ta tiyon dawowa.

A tsofaffin injuna, nozul na buɗewa a wajen bar 200. Sababbi masu tsarin kwaman rel, wanda kamfanin Denso ya fara sa wa manyan motocin Hino a 1995, suna kaiwa bar 1,600 zuwa sama da 2,000. Motocin fetur na zamani kuwa, famfonsu na lantarki ne, yana cikin tanki, kuma man ne ke sanyaya shi. Mai yawan tafiya da tanki kusan wayam yana rage wa famfonsa kwana.

Me ya sa tanki ke numfashi?

Ku ɗauki misalin bido cike da ruwa. In aka kifa shi ba hanyar shigar iska, ruwan sai ya riƙa fita da kyar, bidon ma ya lotsa. Haka tanki yake: duk litar da inji ya sha, dole iska ta shiga ta maye gurbinta. Hanyar iskar na iya zama ɗan rami a murfi, ko siririn tiyo a saman tanki. A motoci da yawa akwai bawul da ke rufe ta in mota ta kife, don kada mai ya zube.

Numfashin nan fita ma yake yi. Gazuwal na kumbura da zafi: lita 400 da zafinta ya ƙaru da digiri 20 tana ƙara wajen lita 6 zuwa 7. Wanda ya cika tanki har wuya da sanyin asuba a lokacin bazara, kafin azahar zai ga mai na tsiyaya. A bar ɗan fili a sama.

Alamomin toshewa

Mota ta tashi lafiya, ta yi tafiyar minti 20 ko 30, sai ƙarfi ya fara raguwa, musamman a hawa, har ta mutu. A huta kaɗan ta sake tashi, can gaba ta kuma. To, da ta mutu a buɗe murfin tanki a kasa kunne. In an ji iska ta shige ciki da ƙara, kuma motar ta tafi daidai da murfi a sassauce, matsalar ta numfashi ce. In an bar ta haka, famfo na wahala, iska na kutsawa ta mahaɗan tiyo, tankin kansa yana iya lotsawa.

A ƙasarmu abubuwan da ke toshe ramin sanannu ne: ƙurar hunturu da ta haɗu da maiƙo, laka a damina, da zanzaro da ke gina ɗakinsa a bakin tiyo in mota ta daɗe a ajiye. Akwai kuma masu ɗaure bakin tanki da leda da roba in murfi ya ɓace. Wannan ya toshe numfashi ke nan. Cusa tsumma kuma ƙura da ruwa yake shigarwa. Masu ƙarin tanki don doguwar hanyar Agadas zuwa Dirku su tabbata kowane tanki na da nasa ramin iska, kuma bakin tiyon na sama yana kallon ƙasa, don kada ruwa ya shiga wajen tsallake korama.

Kafin a ce famfo ne

Makaniki na ƙwarai yana farawa da abu mai araha:
1. Murfi da tiyon numfashi.
2. Filta: a sauke ruwan da ya taru a gindinta, a canza ta in ta toshe.
3. Tiyo da mahaɗansu. Kumfa a cikin mai alama ce iska na shiga.
4. Ragar cikin tanki.
5. Ƙaramin famfo, sannan daga ƙarshe babba.

In mai ya ƙare ko an canza filta, sai an fitar da iska: a sassauta ɗan kusar da ke kan filta, a yi ta danna famfon hannu har mai ya fito ba kumfa, a ɗaure. Yawan murɗa makulli batir kawai yake kashewa.

Tsabtar mai da kariya

Tun 2011 matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram ke tace mai a cikin ƙasa, amma daga tasha zuwa tanki ne datti ke shiga. Mai sayen na ruwa-ruwa ko mai zubawa daga tano ya bari ya kwanta, ya tace da kyalle mai tsabta, kada ya zuba na gindi. Cika tanki da yamma na rage raɓar da ke taruwa ciki a daren sanyi. Ruwa na sa tsatsa a famfo da nozul, kuma injin kwaman rel ba ya jure shi ko kaɗan.

Kada a leƙa tanki da ashana ko taba a baki. Kada a yi masa walda sai an wanke shi an kore tururin mai sarai. Kada a nemi yoyon bututun nozul da hannu inji na aiki, don man na iya huda fata. Wanda hakan ta same shi a kai shi likita nan take, ko da raunin ƙarami ne.

Ku kuma ƴan uwa da ke aiko da kuɗin gyara daga Abijan, Legas ko Libiya, in an bugo an ce a sayi famfo, ku tambaya: an duba murfin tanki? An canza filta? An fitar da iska? Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.