Tallafin Bincike ga Ɗaliban Digirin Farko: Nazari a kan Tsarin Amurka da Rawar da Alawus ke Takawa wajen Samar da Masu Bincike

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin shirye-shiryen da ke shigar da ɗaliban digirin farko cikin aikin bincike a jami'o'in Amurka, tun daga 1958. Ta kafa hujjar cewa alawus ɗin da ake biyan ɗalibi shi ne ginshiƙin shirin, domin shi ke tantance wanda zai iya shiga da wanda za a bari a waje. Maƙalar ta auna bayanan da ake da su a kan amfanin shirye-shiryen, ta amsa suka guda uku, sannan ta duba abin da wannan ke nufi ga jami'o'in Nijeriya.

Gabatarwa

A al'adar jami'o'i da yawa, bincike aikin malamai ne da ɗaliban manyan digirori, shi kuwa ɗalibin digirin farko nasa shi ne ya saurari lacca, ya karanta abin da wasu suka gano, ya rubuta jarrabawa. Matsalar wannan tsari ita ce ɗalibi yakan yanke shawarar ci gaba da karatu ko barinsa tun bai taɓa ganin yadda ake samar da ilimi ba. Ya san sakamakon gwaji, amma bai san yadda ake tsara tambaya ba, bai ga gwajin da ya ƙi yiwuwa ba, bai kuma zauna ya ji ana gardama a kan ma'anar bayanai ba. Amurka ta shafe fiye da shekara 60 tana ƙoƙarin cike wannan giɓi da kuɗin gwamnati da na jami'o'i, don haka tarihinta ya isa a yi nazari a kansa. Tambayar wannan maƙala guda ɗaya ce: a cikin abubuwan da irin wannan shiri ya ƙunsa, wanne ne idan aka cire shi shirin zai kauce wa manufarsa?

Asali da Tsarin Shirye-shiryen

Hukumar Kimiyya ta Ƙasa a Amurka, wadda aka sani da NSF, ta fara tallafa wa ɗaliban digirin farko su yi bincike a 1958, shekara guda bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik, lokacin da ƙasar ta shiga damuwa a kan yawan masana kimiyyarta. Shirin ya tsaya a farkon shekarun 1980 saboda rage kasafi, sannan hukumar ta dawo da shi a 1987 da sunan REU. Tsarinsa a fili yake: jami'a ko cibiyar bincike takan ɗauki rukunin ɗalibai kimanin 10 na tsawon mako 8 zuwa 10 a hutun bazara, kowane ɗalibi a haɗa shi da malamin da zai duba aikinsa, a biya shi alawus, galibi kuma a ɗauki nauyin masauki da kuɗin tafiya. Ana bai wa cibiyoyin umarnin su ɗauki wani kaso mai yawa daga wasu makarantu, musamman waɗanda ba su da ƙarfin bincike. Jami'o'i ma sun buɗe nasu hanyoyin. Margaret MacVicar ta kafa shirin UROP a cibiyar MIT a 1969, inda ɗalibi ke aiki da malami don samun maki ko albashi, cibiyar Caltech kuma ta fara shirinta na SURF a 1979. A 1998 rahoton Kwamitin Boyer ya nemi manyan jami'o'in bincike su mayar da koyo ta hanyar bincike tushen karatun digirin farko. A wajen Amurka ma akwai makamantansu, kamar shirin ɗaliban bazara na cibiyar CERN da ke Janeba, da shirin RISE na hukumar DAAD a Jamus.

Abin da Bayanai Suka Nuna

Ɗaya daga cikin manyan nazarce-nazarcen da aka yi shi ne wanda Susan Russell da abokan aikinta suka wallafa a mujallar Science a 2007, bayan sun tattara amsoshin mutum kusan 15,000. Sun gano cewa shiga bincike ya ƙara wa ɗalibai fahimtar yadda ake gudanar da shi da kuma yarda da kansu, kuma kashi 29 cikin ɗari sun ce bayan shirin ne suka fara sa ran yin digirin digirgir. Wani abin lura a nazarin shi ne amfanin ya fi fitowa ga waɗanda suka daɗe a cikin aikin kuma suka shiga al'adar bincike sosai, wato suka halarci taruka, suka gabatar da sakamako, suka taimaka wa na ƙasa da su. Wannan ya nuna cewa abin da shirin ke bayarwa lokaci ne da zama tare da masu sana'ar. A nan ne batun kuɗi ya shigo. Ɗalibin da ke dogara da aikin hutu don biyan kuɗin makaranta ko taimakon gida ba zai iya ba da mako 10 kyauta ba, komai basirarsa. Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Idan aka mayar da shirin na sa-kai, zaɓen ya riga ya gudana tun kafin a karanta takardar neman kowa, kuma aljihun iyaye ne ya yi shi. Gwamnatin Amurka ta amince da wannan a aikace lokacin da ta kafa shirin McNair, wanda aka raɗa wa sunan masanin kimiyyar nan Ronald McNair da ya rasu a hatsarin kumbon Challenger a 1986, domin shirya ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi da waɗanda su ne na farko a gidansu da suka shiga jami'a don karatun digirin digirgir.

Suka da Amsoshinsu

Suka ta farko ita ce mafi ƙarfi, kuma ta shafi ingancin hujja. Marcia Linn da abokan aikinta sun bi nazari 60 a wata maƙala da ta fito a mujallar Science a 2015, suka nuna cewa akasarinsu sun dogara ne da abin da ɗalibai suka faɗa da bakinsu game da kansu. Rahoton Cibiyoyin Kimiyya na Ƙasa na Amurka na 2017 shi ma ya yi kira da a ƙara tsaurara hanyoyin aunawa. Mai suka zai ce wataƙila ɗaliban da tun farko suke da niyyar zama masu bincike su ne ke nema, saboda haka shirin bai sauya kowa ba. Wannan magana tana da nauyi, amma idan aka bi ta zuwa ƙarshe sai ta ƙarfafa hujjar tallafi. Idan shirin yana amfanar waɗanda suka riga suka samu hanya ne kaɗai, maganin shi ne a faɗaɗa ƙofar ga waɗanda ba su samu ba, kuma ba a iya faɗaɗa ta sai da kuɗi. Ɗalibin da ya tashi a gidan malamin jami'a ya san yadda ake neman gurbi da takardar shaida. Wanda shirin zai fi sauya wa rayuwa shi ne wanda bai san akwai wannan hanya ba, kuma shi ne farkon wanda rashin alawus ke korewa.

Suka ta biyu ta shafi tsada. Ana cewa shirin mutum 10 ba zai taɓa isar dubban ɗalibai ba, gara a shigar da bincike cikin darasin aji. Akwai misali mai kyau na hakan, wato shirin SEA-PHAGES da Cibiyar Howard Hughes ta fara a 2008 tare da Graham Hatfull na Jami'ar Pittsburgh, inda ɗaliban shekarar farko ke ɗebo ƙasa, su ware ƙwayoyin bairos masu cin bakteriya, su kuma yi nazarin tsarin ƙwayoyin halittarsu. Irin wannan darasi yana isa ga kowa ba tare da gasa ba, kuma ya cancanci a yaɗa shi. Sai dai aikinsa daban ne. Darasin aji yana buɗe wa ɗalibi ido ya gane ko yana son bincike, zama a ɗakin gwaji na tsawon makonni kuma yana koya masa juriya da ɗaukar alhakin tambaya guda, yana kuma samar masa malamin da ya san aikinsa har zai iya rubuta masa shaida. Na farkon mataki ne zuwa na biyun, kuma idan aka tsaya a na farko, ɗaliban da aka tayar wa sha'awa za su iso ƙofar da masu hali kaɗai ke iya wucewa.

Suka ta uku daga malamai take fitowa: horar da ɗalibin da bai ƙware ba yana cin lokaci, yana kuma rage saurin aiki. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa tallafin bai kamata ya tsaya ga ɗalibi ba. Shirin da aka bai wa ɗalibi alawus amma aka bar shi yana wanke kwalabe ba tare da mai duba shi ba ya ɓata kuɗin. Dole kasafin ya haɗa da kayan aiki, jami'a kuma ta ƙirga duba ɗalibai a cikin nauyin aikin malami da kuma ƙarin girmansa.

Dangantaka da Nijeriya

Shirin REU na 'yan ƙasar Amurka ne da masu izinin zama na dindindin, don haka ɗalibin Kano ko Sakkwato ba zai dogara da shi ba. Amma Nijeriya tana da tubalan ginin irinsa. Asusun Horar da Ma'aikata na ITF ya fara shirin SIWES a 1973, wanda ke tura ɗalibai wuraren aiki na wasu watanni, sai dai manufarsa ƙwarewar masana'antu ce. Asusun TETFund, a ƙarƙashin dokar 2011, yana tallafa wa bincike, amma tallafin yana bi ta hannun malamai da cibiyoyi. Shi kuwa aikin kammala digiri, wanda shi ne binciken da kusan kowane ɗalibi ke yi, galibi daga aljihun ɗalibin ake sayen sinadarai da biyan kuɗin gwaji, abin da ke tilasta zaɓen batu mai araha maimakon mai muhimmanci.

Kammalawa

Tarihin shirye-shiryen Amurka da bayanan da aka tattara a kansu sun nuna cewa amfanin bincike ga ɗalibi yana zuwa ne daga daɗewa a aikin da kuma kulawar malami, kuma dukansu biyun kuɗi ne ke sayen lokacinsu. Saboda haka maƙalar tana ba da shawara biyu. Masu ba da tallafin bincike su wajabta ware wani kaso na kowane tallafi don alawus ɗin ɗaliban digirin farko, a kuma amince wa ɗalibi ya yi watanninsa na SIWES a ɗakin binciken jami'a ko cibiyar bincike a ƙarƙashin malami mai aiki. Sannan a riƙa bin sawun waɗanda suka shiga da waɗanda suka nema ba su samu ba, domin a auna tasirin shirin da abin da suka zama bayan shekaru.