Wa ya ɗora mu kan sikeli?

Yau zan ɗan taɓo tarihin sikelin awon nauyi, wanda wasunmu ke hawa kowace safiya gabansu na faɗuwa.

Wani likita ɗan Italiya, Santoriyo, ya shafe kusan shekara 30 yana auna kansa a kan kujera mai ma'auni, har da abin da ya ci da wanda ya fitar. Ya wallafa sakamakon a 1614. Shi fahimtar jiki yake nema, ba rama ba.

Zancen "nauyin da ya dace" daga baya ya zo, kuma kamfanonin inshorar Amurka ne suka yayata shi. Metropolitan Life ya fitar da jadawalinsa a farkon shekarun 1940, daga bayanan kwastomominsa, galibinsu farar fata. Lissafin wa zai riga mutuwa suke yi, saboda kuɗinsu.

Ni abin da ke damuna, sikeli bai bambance kitse da tsoka da ruwa. Ka sha ruwa lita ɗaya, nan take ka ƙara kilo ɗaya. Amma saboda wannan lambar 'yan'uwanmu ke ɗirkar shayin rage ƙiba mai sa gudawa, ruwan jikinsu ya tsiyaye, su ce ai sun rame.