Gadon Loyis da Afiniki a Ƙasar Adamawa

Karatu: 2 Timoti 1:3-7, Maimaitawar Shari'a 6:4-9

  Yau za mu waiwayi baya, mu ga yadda bangaskiya ta shiga gidajenmu, da kuma hannun da ya riƙe ta har ta iso gare mu.

A wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti, manzo Bulus ya tuna da sahihiyar bangaskiyar wannan saurayi, ya kuma faɗi inda ta fito. Ta fara zama cikin kakarsa Loyis, sa'an nan cikin mahaifiyarsa Afiniki. Littafin Ayyukan Manzanni sura 16 ya gaya mana mahaifin Timoti Baheleni ne, wato gidan ba bakinsu ɗaya ba a kan addini. Duk da haka yaron ya san Littattafai masu tsarki tun yana ɗan ƙarami. Yawancinmu mun san irin wannan gida, gama cikinsa kakanninmu suka tashi.

Modibbo Adama ya kafa garin Yola a shekarar 1841, Turawan Ingila kuma suka ci garin a 1901. Gwamnatin Turawa ba ta yarda 'yan mishan su yi wa'azi cikin garuruwan sarakunan Musulunci ba. Saboda haka bishara ta fara kama ƙasa a tsakanin kabilun da ke kewaye, daga baya ne ta shigo Jimeta tare da 'ya'yansu.

A farkon 1913 Likita Niels Bronnum ya taso daga ƙasar Denmak tare da matarsa Margaret da wata ma'aikaciyar jinya, Dagmar Rose. Kafin su kai inda za su, Margaret ta haihu a Rumasha, ta rasu bayan haihuwar. Dagmar Rose ta ɗauki jaririn ta koma da shi Turai. Likita Bronnum ya ci gaba shi kaɗai, ya je Yola ya nemi izini, ya zauna a Numan ranar 5 ga Oktoba 1913. Daga wannan aiki ne Ekklesiyar Lutheran, wadda muke kira LCCN, ta fito. Bayan shekara goma, ranar 17 ga Maris 1923, Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujada ta fari a gindin tsamiya a Garkida, mafarin Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ke nan. A 1924 Ruth, matar Kulp, ita ma ta rasu a kan haihuwa, jaririn kuma bai rayu ba. An sa wa asibitin Garkida sunanta. Ku lura, 'yan'uwa, manyan ekklesiyoyi biyu na ƙasarmu, kowace akwai kabarin mahaifiya a bakin ƙofar tarihinta.

Waɗanda suka fara karɓar bishara yawancinsu samari ne, 'yan makaranta da masu aiki a gidan mishan. Su ne suka koyi karatu, suka shiga ajin baftisma, suka zama malamai da masu bishara, har a 1948 aka naɗa fastoci biyar na fari 'yan ƙasa a Ekklesiyar Lutheran. Amma saurayi mai bi in ya yi aure, wata tambaya takan taso. Wa zai yi renon 'ya'yansa? In yaro ya yi zazzaɓi da tsakar dare, mai gida yana can wani ƙauye wurin wa'azi, uwa ce za ta yanke shawara ko a kai shi wurin boka ko a yi addu'a a nufi asibiti da asuba. Surukarta tana gefe tana matsa mata a ɗaura wa jariri laya, a yi sadaka ga kakanni. A cikin irin waɗannan darare aka gwada bangaskiyar gidaje da yawa, mata ne kuwa suka ɗauki nauyin gwajin. Sunayensu ba su shiga littattafan tarihi ba, amma jikokinsu ne suka cika majami'unmu.

Nan ne Zumuntar Mata ta shigo. Tun zamanin mishan matan ekklesiya suka fara taruwa sau ɗaya a mako, su yi addu'a, su haddace aya, su koyi karatu da ɗinki da kiwon lafiyar yara. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, mata da yawa kuwa a kansa suka fara haɗa baƙi. Wadda ba ta samu ta iya karatu ba, waƙa ta zama littafinta. Mai bayarwa ta tsaya a gaba ta jero labarin Yusufu da 'yan'uwansa, ko na Daniyel a ramin zakoki, saura suna amshi, ana buga tulu da kacau-kacau. Jariri yana goye a baya yana ji. Gobe uwar tana niƙa ko tana surfe, waƙar tana bakinta. Kafin yaro ya kai shekarun zuwa makarantar Lahadi ya riga ya san Nuhu da jirginsa. Sa'ad da ekklesiyoyi suka haɗu suka kafa tarayyarsu a Randa a 1955, wadda yau ake kira TEKAN, matan zumunta na kabilu dabam dabam suka ƙara sanin juna, waƙar da aka tsara a wannan gunduma sai ka ji ta a wancan.

Zumunta ta kuma koya wa mata shiga gidajen juna. In wata ta haihu, su ne masu kawo itace da sabulu da kunu. In an yi rasuwa, su ne masu kwana a gidan makoki. In amarya ta tare, tsofaffi su zaunar da ita su yi mata faɗa a kan zaman aure da addu'ar safe. Yaran da suka tashi suna ganin wannan sun koyi ma'anar ƙaunar maƙwabci tun kafin su iya karanta ayar.

Kada mu ɗauka mu ne farkon masu wannan gado a Afirka. A 1940 limaman Katolika 'yan ƙasar Ailan, na ƙungiyar Agustin, suka fara aiki a Adamawa, Yola kuma ta zama dayosis a 1962. Agustin ɗin da suke ɗauke da sunansa ɗan Afirka ne, an haife shi a 354 a garin Tagaste, cikin ƙasar da yau ake kira Aljeriya. Mahaifinsa ba mai bi ba ne lokacin ƙuruciyarsa. Shi kansa ya bi sha'awar duniya da koyarwar ƙarya shekaru da yawa. Mahaifiyarsa Monika ta yi ta addu'a da hawaye, ta bi shi har ƙasar Italiya. An yi masa baftisma a birnin Milan a 387, ita kuwa ta rasu cikin wannan shekarar. Ta ga amsar addu'arta a watanninta na ƙarshe. Uwa mai ɗa da ya bauɗe, kada ki gaji.

Haka kuma Martin Luther, da ya zaga ƙauyukan ƙasarsu ta Jamus ya tarar mutane masu baftisma ba su san ko Addu'ar Ubangiji ba, sai ya rubuta Ƙaramin Katikisma a 1529. Ya tsara shi domin a koyar a gida: Dokoki Goma, Shaidar Bangaskiya, Addu'ar Ubangiji, ma'anar baftisma da Jibin Ubangiji. Masu gida ya ɗora wa aikin. Yau da yawa cikinmu mun bar shi sai ajin tabbatarwa, kamar dai fasto zai cusa wa yaro cikin 'yan watanni abin da gida bai koya masa ba cikin shekara goma sha biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Rediyo ma ya taimaki iyayenmu. Tashar Muryar Bishara da ke Addis Ababa a ƙasar Habasha ta riƙa watsa shirye-shiryen Hausa da ake haɗawa a Jos, har gwamnatin soja ta can ta ƙwace tashar a 1977. A gidaje da yawa akwatin rediyo guda ne, akan ajiye shi a tsakar gida bayan tuwon dare. Mai wa'azi yana magana da Hausa, in ya gama uwa ko kaka ta juya wa ƙananan yara labarin da yaren gida.

A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Gongola, Yola ta zama babban birni, a 1991 kuma aka sami Jihar Adamawa. Aikin gwamnati da kasuwa da makarantu suka jawo mutane zuwa Jimeta. Bachama da Mbula suka zo daga Numan da Demsa, Lunguda daga Guyuk, Kilba daga Hong, Margi da Kamwe daga Madagali da Michika, Chamba daga Ganye da Jada, Bura daga wajen Garkida. Suka zauna a Luggere, Nasarawo, Karewa, Jambutu da sauran unguwanni, suka yi auratayya. A cikin shekarun 1970 ɗin ne kuma gwamnati ta karɓe makarantun mishan. Malamin da yake koyar da lissafi da safe ya kuma koyar da katikisma da yamma ya zama tarihi. Kaka ta zauna a ƙauye. Nauyin da dā yake kan mutum huɗu ko biyar ya dawo kan mace guda a ɗakin haya, wadda ita ma sai ta fita nema.

Zaman birni ya kawo wata matsala, wato ta harshe. Hausa ta haɗa mu cikin sujada, muna godiya ga Allah dominta. Amma ga shi muna da yara a Jimeta da ba sa iya gaishe da kakarsu da yarenta, in ta yi musu addu'a ba su san abin da ta roƙa ba. Tun 1915 aka buga Bisharar Markus da Bachama. An gama Sabon Alkawari da Kamwe a 1975, da Lunguda a 1978. Mutane sun ba da shekarun ransu ga wannan aiki. In littattafan nan suna kwance cikin akwati, ba wanda zai buɗe su sai mu. Yaron da ya ji uwarsa tana kiran Allah da yaren gida ya san cewa Allah ba baƙo ba ne a cikin danginsu.

Sai ga babban gwaji na zamaninmu. A watan Afrilu 2014 aka sace 'yan mata 276 a makarantar Chibok, yawancinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa. Kafin ƙarshen shekarar Boko Haram suka kama Madagali da Michika. Ranar 29 ga Oktoba suka shiga Mubi, suka mamaye hedkwatar EYN da ke Kwarhi. Aka ƙone majami'u, fastoci da membobi suka watse, Kirista da Musulmi duka suka gudu cikin daji da duwatsu. Dubban mutane suka kwararo Yola. Waɗansu aka sauke su a sansanin Damare da Malkohi, waɗansu a harabar babbar majami'ar Saint Theresa a Jimeta, inda Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe musu ƙofa. Mafi yawa kuwa gidajen 'yan'uwa suka shiga, ɗaki guda mutum goma ko fiye. Wanda ya gudu da dare bai tsaya ɗaukar Littafi Mai Tsarki ba. Abin da ya rage wa yara shi ne abin da ke cikin kan iyayensu mata, ayoyin da aka haddace a zumunta da waƙoƙin da aka saba rerawa. Da waɗannan aka yi sujada a kan tabarma, da su aka lallashi yaran da suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. A 2020 ma, da cutar korona ta sa aka rufe wuraren sujada na makonni, kowane gida ya ga iyakar abin da ya tara.

To, me tarihin nan yake faɗa mana? Maimaitawar Shari'a sura 6 ta umarci iyaye su riƙa zancen maganar Allah da 'ya'yansu a zaune da a tafe, lokacin kwanciya da lokacin tashi. Ba a ambaci digiri ko kuɗi a wurin ba. Uwa, ko minti goma ne kafin yara su tafi makaranta, ki tara su ku karanta aya guda, ku yi addu'a. Ki zaɓi aya ɗaya a mako ku haddace tare. Da dare a ajiye waya, a kashe talabijin na ɗan lokaci, a ba da labari guda daga cikin Littafi. Ki bar su su yi tambaya, abin da ya fi ƙarfinki ki kai wa fasto ko mai bishara. Ki kuma tuna yara sun fi koyon abin da suka gani. In sun ji ki kina waƙa a majami'a, a gida kuma kina zagin maƙwabciya, na gidan za su riƙe. Maƙwabtanmu Musulmi ba sa wasa da tura yaro makarantar allo tun yana ƙarami, himmarsu ta isa ta tashe mu daga barci.

Ku kuma maza, kada ku ce wannan magana ta mata ce. Afisawa sura 6 da ku take. Iyayenmu mata sun ɗauki kayan nan fiye da shekara ɗari, sau da yawa su kaɗai. Uba ya zauna a sujadar gida, ya buɗe Littafi da hannunsa, 'ya'yansa maza su gani. Ekklesiya kuma ta tuna da gwauraye da matan da rikici ya raba da mazansu, gama suna renon membobinta na gobe.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin iyayenmu mata da kakanninmu waɗanda suka riƙe bangaskiya cikin wahala har ta iso gare mu. Ka ƙarfafa kowace uwa mai saurare a yau. Ka ta'azantar da waɗanda har yanzu suke jiran 'ya'yansu su dawo. Ka ba ƙasarmu salama, ka sa gidajenmu su zama wurin da ake kiran sunanka safe da yamma. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.