Matan Da Suka Haɗa Gasar Duniya Da Kansu

Yau zan ba ku tarihin wani wasa da ba mu saba gani ba a nan Ikara, balle Makarfi ko Kudan, wato zari-ruga. Ƙwallo ce mai kama da ƙwai, a sungume ta a ruga, abokan hamayya su bi mutum su kayar da shi. Shi ya sa mazan Turawa suka daɗe suna cewa ba wasan mata ba ne.

Sai a 1982 aka fara karawar mata tsakanin ƙasa da ƙasa, Faransa da Holan. Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne na 1991. Wasu mata huɗu 'yan kulob ɗin Richmond a Ingila, Deborah Griffin da Sue Dorrington da Alice Cooper da Mary Forsyth, suka ce sai sun haɗa gasar duniya ta mata. Hukumar wasan ta duniya ta ƙi sa musu hannu. To, kun dai san yadda muke haɗa biki da kuɗin adashi idan maigida ya ce babu, haka suka yi. Su ne neman fili, su ne neman masauki, kowacce kuma da aikinta na ofis. Ƙungiyoyi 12 suka hallara a Wales. 'Yan Tarayyar Sobiyet ma ba su zo da kuɗin kirki ba, sai tsarabar ƙasarsu suka riƙa sayarwa don su ci abinci. Amurka ta doke Ingila 19 da 6, aka watse aka bar matan nan da bashi. Wallahi ko ni ce sai na yi kuka.

Daga cikin 'yan wasan wancan zamani aka samu masu koyarwa. Giselle Mather, wadda ta ci kofi da Ingila a 1994, ta zama koci, har samari maza ta horar. Mu ma a ƙwallon ƙafa mun ga irin haka, don Florence Omagbemi da ta buga wa Najeriya a 1991 ita ce kocin da ta ciyo mana kofin Afirka a 2016.

Ita kuwa Deborah, a 2025 ta zama mace ta farko da ta shugabanci hukumar zari-ruga ta Ingila. A shekarar ne mutum sama da dubu 81 suka cika filin Twickenham don kallon wasan ƙarshe na mata, Ingila ta doke Kanada 33 da 13.