Fada ta koma Birnin Kebbi, hubbare yana nan Gwandu

Sarkin Gwandu ba a Gwandu yake zaune ba. Tun kafin zuwan Turawa sarakunan sun koma zama a Ambursa, saboda yaƙin Kabawa, kuma a 1906, shekarar rikicin Satiru, aka mai da fadar Birnin Kebbi. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, can aka kafa gidan gwamnati. Hatta jami'ar tarayya ta 2013 wajen Kalgo aka yi mata mazauni. Duk da haka masu ziyara ba su daina bin hanyar Gwandu ba, domin nan ne hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1829.

A ganina malanta ce ke jawo mutane, fiye da sarauta. Gaskiya ne Shehu ya sauka a garin a 1805, shekarar da jama'arsa suka sha wuya a yaƙin Alwasa, kuma Abdullahi aka danƙa wa yammacin daular. Amma mutumin nan ya taɓa guje wa mulki. Da ya ga son duniya ya shiga zukatan wasu abokan jihadi, sai ya kama hanyar gabas da niyyar kaiwa Makka. Kanawa ne suka tare shi, ya zauna yana karantar da su, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam. Tafsirinsa, Diya'ut Ta'wil, har yau ana karanta shi a zaurukan malamai. Garin Gwandu ma ya gaji halinsa: a nan Baturen Jamus Heinrich Barth ya sami kwafin littafin Tarikhus Sudan a 1853, zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi.

Wasu za su ce ziyarar hubbare ƙofar bidi'a ce, kuma wa'azin ya ƙara ƙarfi tun kafuwar Izala a Jos a 1978. Akwai gaskiya a ciki, don wanda ya je yana shafar gini yana roƙon mamaci ya saɓa wa koyarwar mai kabarin. Sai dai ziyarar kaburbura don sallama da addu'a da tuna lahira sunna ce da ba a jayayya a kanta, kuma gyaran ladabinta ya fi rufe ƙofa.

Wasu kuma su kwatanta ziyarar Gwandu da ta 'yan Katolika a La Salette, ƙauyen kan duwatsun Faransa, inda yara biyu makiyaya suka ce sun ga Maryamu a 1846. Can labarin gani ne ya tara jama'a. A Gwandu babu wanda aka nemi ya gaskata wahayi. Mai shakkar darajar mai kabarin yana iya buɗe littafinsa Tazyinul Waraƙat ya auna shi da kansa.