Lamunin Mai Magani: Daga Bagadaza Zuwa Ƙasar Zazzau

A shekara ta 319 bayan Hijira (931 Miladiyya) wani mutum ya rasu a Bagadaza sakamakon kuskuren likita. Halifa Muƙtadir ya hana kowa yin magani sai wanda Sinanu ɗan Sabitu ya jarraba, ya ba shi izini. Tushen wannan hukunci hadisi ne da Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito, wanda ya ɗora lamuni a kan duk wanda ya shiga aikin magani alhali ba a san shi da shi ba.

Malaman Malikiyya sun rarrabe. Gwanin da aka ba izini, ya yi aiki bisa ƙa'ida, babu komai a kansa ko da an rasa rai. Idan hannunsa ya kuskure, diyya ta wajaba, kuma Ibn Rushdi a Bidayatul Mujtahid ya kawo misali da mai kaciyar da ya wuce iyaka. Jahili da mai sakaci kuwa, Muhtasar na Halil ya lamuntar da su.

Wannan fiƙihu ne aka daɗe ana karantawa a zaurukan ƙasar Zazzau, har da Ikara da Makarfi da Kudan, inda wanzami ke kaciya da ƙaho da cire beli, ungozoma ke karɓar haihuwa. Amma idan yaro ya zubar da jini ya cika, sau da yawa akan ce kwana ne ya ƙare, a yi shiru.

Kano ta nuna illar sakaci da sharaɗin izini. A annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kimanin 200. 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a sanar da su cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya yi sulhu da Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Rashin yardar da abin ya haifar na cikin dalilan ƙin rigakafin shan-inna a 2003.

Imani da ƙaddara bai taɓa kayar da diyya ba a wurin magabata. Ya kamata ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi su san wannan babi, limamai kuma su karantar da iyaye cewa neman bahasi a kan majiyyacinsu haƙƙi ne da Shari'a ta ba su. Allah ne mafi sani.